Antibairos ɗin da NVDA ke iya karantawa: abinda na gwada a laftof ɗina a Agege

Assalamu alaikum. Tun bara ake tambayata wane antibairos, wato manhajar kare kwamfuta daga bairos, nake amfani da shi, kuma kullum amsar bata ƙarewa a waya sai kati ya ƙare ba mu gama ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Yawancin masu tambayar 'yan'uwana ne makafi, sai kuma iyayen da suka siya wa yaro laftof suna so su san me za a saka masa a ciki.

Ni a Agege nake zaune. Idona ya tafi ne da girmana, daga baya na koyi kwamfuta a makarantar koyon sana'a ta makafi dake Oshodi, kuma yau da ita nake cin abinci, ni ke riƙe wa yayana lissafin albasa da tattasai da yake dillanci a Mile 12, mota nawa ta sauka, buhu nawa, wa ya biya wa ake bi, duk a Excel, sannan ina buga wa Islamiyyar unguwarmu takardun jarabawa. To ka ga in wani abu ya taɓa fayilolin nan ba maganar wasa bace, kuɗin mutane ne da amana. NVDA nake amfani da shi wajen karanta allo, shi ke karanto min abinda ke kan allo da murya, wanda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh suka haɗa, aikin ya fara tun 2006, kuma kyauta ne har yau, Allah ya saka musu.

Laftof ɗin tokunbo ce na siyo a Computer Village dake Ikeja, ni da ɗan yayana muka je. Mai shagon mutumin kirki ne gaskiya, ya loda min manhajoji da yawa a matsayin gyara, a ciki harda wani antibairos na kyauta, ba zan kama sunansa ba. Yace min da wannan a ciki ba abinda zai taɓa ni. Na yarda, don a lokacin ni kaina abinda na sani kenan, in dai akwai antibairos to an gama.

Wata biyu ban ko buɗe shi ba. Ran nan na kai filash wani shagon buga takardu a bakin titi aka fitar min da jarabawar yara, na dawo gida na soka a laftof, sai naji wata ƙara irin ta gargaɗi, ɗin ɗin ɗin, na san wata taga ta faɗo don duk abinda nake yi ya tsaya, amma NVDA yayi tsit. Na danna Insert da T don ya faɗa min sunan tagar, ya faɗi sunan antibairos ɗin kawai. Na danna Tab ba komai, na sake dannawa yace "button", na sake yace "button", ba sunan komai a jiki. Wallahi zufa ce ta karyo min, don na san ɗaya daga maɓallan nan yana nufin a goge, ɗaya yana nufin a ƙyale, wataƙila ɗaya ma na siyan na kuɗi ne, kuma ban san fayil ɗin da yake magana a kai ba, ko lissafin yayana ne ko wani abu daban. Haka na zauna daga wajen sha ɗaya na safe har bayan la'asar laftof a buɗe ina tsoron taɓawa ina kuma tsoron a ɗauke wuta batir ya mutu, sai da ɗan yayana ya dawo daga makaranta yace "Baffa ai cewa yayi ya kama bairos a filash, in danna wanne?" Minti ɗaya bai kai ba aka gama. Yini guda ya tafi akan aikin minti ɗaya.

Abin ya tsaya min a rai sosai. Antibairos ɗin fa ya kama abinda ya kamata ya kama, ban ce bai yi aikinsa ba. Amma tambaya ce yayi min wadda bana jinta kuma bazan iya amsawa ba, kuma da ace dare ne ko yaron yayi tafiya Kano hutu, da canki-canki kawai zan yi.

Daga baya na zauna na nemi dalili, don nafi son in gane abu akan in yi ta jin haushinsa. Manhajar karanta allo ba kallon allon take kamar ido ba, tambayar Windows take, wannan abin da nake kai meye shi, maɓalli ne ko wajen rubutu ne, meye sunansa, a kunne yake ko a kashe. Akwai hanyoyin da aka gina don haka, tsohuwar ita ce MSAA, sabuwar UI Automation. In masu haɗa manhaja suka yi amfani da maɓallan Windows na asali ko suka saka wa nasu suna, komai na tafiya daidai. To amma kamfanonin antibairos da yawa suna son tagarsu tayi kyau da launi da zane mai motsi, sai su zana maɓallan da kansu kamar hoto, mai ido na ganin "goge", mu kuma babu abinda ya iso kunnenmu. Dalili na biyu yafi wannan zurfi, antibairos yana da tsarin kare kansa don kada bairos ya kashe shi ko ya danna masa maɓalli a ɓoye, shi kuma NVDA don yayi aiki dole ya riƙa sauraron duk abinda ka danna a kibod kuma ya shiga cikin wasu manhajojin ya ɗauko rubutu, to ka duba, wannan ai kamannin manhajar satar kalmar sirri ne sak in ba a san shi ba. Shi yasa wani antibairos ɗin yake toshe masa hanya, wani ma ya ɗauke wani fayil nasa ya kulle a matsayin abin zargi, kuma ranar da aka kulle maka muryar kwamfuta ai ba ka da hanyar da za ka je ka buɗe ta.

Na biyu da na gwada na kuɗi ne, wani abokin yayana ya bani shawara, shima na bar sunansa. Na fara da na gwaji na kwana 30. Wajen sakawa komai na karantuwa, naji daɗi, babbar tagar ma ana iya yawo a cikinta da Tab ko da yake sai ka danna sau da yawa kafin ka kai inda kake so. Har na biya na shekara, da wahala ma don katina yaƙi wucewa sai da wani ya biya min na bashi naira. Wata huɗu ko biyar sai suka sabunta shi suka canza fuskar gaba ɗaya, da kansa ya sabuntu da dare, na wayi gari wajen saituna ya zama shiru. Wannan shi yafi min ciwo don kuɗina na ciki. Kuma abinda ya koya min shine maganar "wane kaza yana aiki da NVDA" magana ce mai kwanan wata, wanda ya faɗa maka haka tambaye shi yaushe ya gwada, wace shekara, wane fito, don abinda yayi magana bara zai iya yin shiru bana.

Cire shi ma sai da aka sha fama. Tagar cirewar tana tambaya har sau uku ko ka tabbata, da rangwame da roƙo, kuma ko ɗaya bata karantuwa. Da Insert da R na lallaɓa, wato NVDA ya ɗauki hoton tagar ya gane rubutun dake jiki ya karanta min, sai in kai kan kalmar in danna Enter, wani lokaci ya kama wani lokaci ya kuskure. Dabara ce mai amfani, ku riƙe ta, amma ba abinda mutum zai dogara da shi bane ranar da gargaɗi ya faɗo yana sauri.

Ina cire shi sai naji NVDA ya karanto wani saƙo da kansa cewa Microsoft Defender ya kunnu. Ashe duk tsawon lokacin nan yana cikin laftof ɗin a kwance, don haka tsarin yake, da zarar ka saka wani antibairos sai Defender ya ja gefe, in ka cire ya dawo bakin aiki. Tun Windows 8 a 2012 yake zuwa a ciki a matsayin cikakken antibairos, yana cikin Windows 10 da 11, ba sisin kwabo, ba kati, ba talla. Shi nake kai yanzu kusan shekara biyu, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara da shi.

Ga yadda yake a hannu. Ka danna maɓallin Windows ka rubuta "Windows Security" ka danna Enter, tagar na buɗewa komai yana da suna, Tab da kibiyoyi sun isa. Ka shiga "Virus and threat protection" zai faɗa maka yaushe aka yi sikanin na ƙarshe, fayil nawa aka duba, an samu wani abu ko ba a samu ba. Akwai sikanin na gaggawa mai 'yan mintuna, akwai cikakke wanda a tsohuwar laftof irin tawa yana wuce awa ɗaya, ni ranar Juma'a nake kunna shi in tafi masallaci in dai akwai wuta. In filash kake son dubawa ba sai ka shiga duk wannan ba, ka tsaya a kansa cikin File Explorer ka danna Shift da F10, a jerin da zai fito akwai na dubawa da Defender. In ya kama abu saƙon na fitowa ta hanyar saƙonnin Windows na yau da kullum, NVDA na karantawa da kansa, in ya wuce maka kuma Windows da A a Windows 10, ko Windows da N a 11, zai kai ka inda saƙonnin suke taruwa. Sai wajen tarihin kariya, can ne zaka ji sunan fayil ɗin, foldar da yake ciki, da zaɓin ka goge ko ka dawo da shi. Wannan wajen yana ɗan buƙatar haƙuri, kowane abu a naɗe yake sai ka danna Enter ya buɗe, kuma Windows zai tambaye ka izini kafin ya nuna cikakken bayani.

Maganar izinin nan akwai abu mai muhimmanci. In NVDA ɗinka na ɗauka-ka-tafi ne wanda ke kan filash ba a saka shi cikin kwamfutar ba, baya iya karanta allon neman izini, zaka ji shiru ka ɗauka laifin antibairos ne alhali ba nasa bane. Ka saka NVDA cikakke, kuma cikin saitunansa ka kunna ya riƙa magana tun daga allon shiga. Sannan ka riƙe Control da Windows da Enter a kanka, shi ke tada Narrator, muryar Windows ta asali, ranar da NVDA yayi shiru ita ce sandarka ta biyu.

Akwai sikanin guda ɗaya na Defender da yake kashe kwamfutar ya kunna ya duba ta kafin Windows ya tashi, don kama masu taurin kai. A lokacin NVDA baya aiki, shiru zaka ji na wajen minti 15, ba lalacewa tayi ba, kada ka danna maɓallin kashewa, ka jira zata dawo da kanta ka je tarihin kariya ka ji sakamako. Sai kuma wani saiti mai suna "Controlled folder access" da yake zuwa a kashe, aikinsa hana manhajar da ba a yarda da ita ba taɓa foldar takardunka, maganin masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa kenan. Ni na kunna shi saboda lissafin yayana, amma ka sani wani lokacin yana tare manhajar kirki sai ka je ka bata izini da hannu.

Wasu za su ce ai na kyauta ne bashi da ƙarfi. Akwai cibiyoyin da aikinsu kenan gwada antibairos, AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, kuma Defender ya sha samun maki mai kyau a gwajinsu a shekarun nan, ba kamar da can ba. Amma ga abinda nake so 'yan'uwana su lura da shi, AV-TEST maki 18 suke bayarwa, 6 na kariya, 6 na saurin kwamfuta, 6 na sauƙin amfani, kuma wannan sauƙin amfanin nasu yana nufin ko yana yawan kama fayil ɗin kirki bisa kuskure ne, bashi da alaƙa da ko makaho zai iya danna maɓallinsa. Zai iya cin 18 cif kuma ya zama bango a wajenmu. Kuma kada yawan sunaye ya ruɗe ka, Avast ya sayi AVG tun 2016, a 2022 kuma Avast ɗin ya haɗe da kamfanin Norton, Avira ma tana gidan, sunaye ne da yawa ƙarƙashin rufi ɗaya.

In dai ka nace sai ka saka wani, ko wajen aikinku ne suka tilasta, to gwada shi kafin ka biya, kuma ranar da akwai mai ido a kusa. Kada ka tsaya a babbar taga kawai, ita ce tafi sauƙin karantuwa. Akwai wani ɗan fayil da ake kira EICAR, rubutu ne na haruffa 68 wanda ba ya cutar da komai, an ƙirƙire shi ne musamman don duk antibairos ya ɗauke shi kamar bairos, ana samunsa a shafin eicar.org. Ka sauke shi kaji me zai faru. Gargaɗin ya karantu? Ka iya kaiwa kansa da kibod ba tare da maus ba? Ka iya gano inda aka kulle fayil ɗin ka dawo da shi? Daga nan ka gwada saka foldar NVDA cikin jerin waɗanda ba a taɓawa, sannan ka buɗe tagar cirewa ka ji ko tana magana tun kafin ka buƙace ta. Da nasan wannan gwajin tun farko da kuɗina na shekara bai tafi ba.

Maganar da bana so in tsallake ita ce ta JAWS na kirak, JAWS wata manhajar karanta allo ce irin NVDA, na kirak kuma shine wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba tare da biya ba. Na san dalili, JAWS na kuɗi ne kuma da dala, na gwajinsa minti 40 yake yi sai ka sake kunna kwamfuta, shi yasa ake ta yawo da na kirak a filash daga hannu zuwa hannu, kuma abu na farko da mai saka maka zai ce shine kashe antibairos tukuna. Don Allah ku duba wannan da kyau, manhajar da ke jin duk harafin da ka danna, harda lambar banki, ita ce zaka karɓa daga hannun wanda baka sani ba kuma ka kashe mai gadi kafin ta shigo. In ba ka da halin siya, ko wata ƙungiya bata ɗauki nauyi ba, NVDA daga nvaccess.org ya ishe ka Word da Excel da imel da intanet, ni shaida ne.

Bairos ɗin da yafi damunmu a nan kuwa na filash ne, wanda ke ɓoye foldoji ya ajiye gajerun hanyoyi masu irin sunansu, mai ido yana ganin 'yar kibiya a jikin hoton ya gane, mu sai mun danna Alt da Enter mun ji nau'in abin. In kaji foldarka ta zama "shortcut" kada ka buɗe. Ka fara dubawa da Defender ya share, sannan ka buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, in filash ɗinka ba E bane ka saka harafinsa, foldojin za su dawo fili don dama ɓoye su aka yi ba gogewa ba. Ni yanzu filash biyu gareni, ɗaya na ɗaura masa zare a jiki shine mai fita waje, baya ɗaukar komai sai abinda za a buga ranar, ɗayan baya barin ɗaki. Wani lokacin ma ta WhatsApp nake tura wa mai shagon takardar in huta.

A waya ban saka komai ba, Android ce da TalkBack mai karanta min allo, Play Protect, mai gadin Google dake ciki, na bari a kunne kuma bana saka manhajar da aka turo min a matsayin fayil.

Abinda ya rage min yanzu shine laftof ɗin kanta. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sun ce Defender zai ci gaba da samun sabbin bayanan bairos har 2028, amma gyaran ramukan Windows ɗin kansa maganar daban ce, kuma tawa bata da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na jikin kwamfuta da Windows 11 ke nema, kamar yawancin tsofaffin tokunbo dake hannun mutanenmu. Na faɗa wa yaya, yace in Allah ya kai mu bayan kakar albasa za mu koma Ikeja. Na riga na shirya abinda zan yi a shagon, zan tafi da NVDA a filash da abin kunne, in gwada kibod ɗin da kaina, kuma zan roƙi mai shagon kada ya loda min komai a kai.